MATSATTSAKUN HANTA DA HAIHUWAR TUMAKI

Gabatarwa

Tunkiya dabba ce mai babban matsayi a rayuwar Bahaushe. Ɗanta ne ragon suna, shi ne kuma ragon layya. Da ita mace kan fara tara abin hannunta a gidan miji, ita ce kuma magidanci kan ja zuwa kasuwa idan hatsi ya ƙare a rumbu sabo bai nuna ba. Dukkan wannan amfani kuwa ya rataya ne a kan abu guda, watau haihuwa. Garken da tumakinsa ke haihuwa a kan kari yana mayar da gurbin abin da aka yanka da abin da aka sayar. Wanda haihuwarsa ta ja baya kuwa ƙarewa yake yi sannu a hankali, ko da mai shi bai taɓa jan mushe ba.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda wata tsutsa mai zama cikin hanta take rage haihuwar tumaki. Galibi idan ana lissafin ɓarnar wannan tsutsa akan tsaya ne ga hantar da malamin duba nama ya hana sayarwa a mayanka, da dabbobin da suka mutu. Wannan lissafi bai cika ba, domin ya bar tunkiyar da ta shekara ba ta ɗauki ciki ba, da wadda ta yi ɓari, da wadda ta haihu amma ɗan bai yi mako guda a duniya ba. Za a nuna cewa babban rabo na hasarar a nan yake, kuma lokacin da tsutsar ta fi ƙarfi yakan zo daidai da lokacin da tunkiya ta fi bukatar hantarta.

Sunan Cutar da Tarihin Saninta

Makiyaya sukan kira wannan cuta ciwon hanta, ko hanta kawai, Fulani kuma su ce balku. Ita kanta tsutsar akan ce da ita matsattsaku, saboda kamar da take yi da matsattsakun ruwa wajen siffa da shan jini. Shimfiɗaɗɗiya ce kamar ɗan ganye, launinta tsakanin toka da ƙasa-ƙasa. Iri biyu ne suka fi ɓarna a duniya. Na ƙasashen sanyi, wanda masana ke kira Fasciola hepatica, tsawonsa kamar santimita 3 ne. Na ƙasashen zafi, Fasciola gigantica, yakan kai santimita 7, shi ne kuma wanda ake samu a Afirka ta Yamma.

Cutar tsohuwa ce. Tun a shekarar 1379 wani makiyayi Bafaranshe mai suna Jehan de Brie ya yi bayaninta a rubuce, ya ɗora laifin a kan wata ciyawa da ke fitowa a wurare masu dausayi. Makiyayan ƙasar Hausa da yawa ma ga ciyawar fadama suke danganta ta. Sun yi daidai game da wurin, abin da ya ɓuya musu shi ne abin da ke maƙale a jikin ciyawar. Ba a warware wannan ba sai bayan annobar da ta halaka tumaki wajen miliyan 3 a Birtaniya cikin 1879 da 1880. Tsakanin 1881 da 1883 masana biyu, A. P. Thomas a Ingila da Rudolf Leuckart a Jamus, kowa yana aikinsa dabam, suka gano cewa tsutsar ba ta iya wucewa daga dabba zuwa dabba sai ta bi ta cikin dodon koɗi.

Yadda Tsutsar Ke Rayuwa

Babbar tsutsa tana zaune ne cikin magudanan maɗaciya, watau ƙananan hanyoyin da ke kwashe ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji. A nan take zuba ƙwai, dubbai a kowace rana, su bi hanji su fita tare da kashi. Ƙwan da ya faɗi a busasshiyar ƙasa ya mutu ke nan. Wanda ya faɗa cikin ruwa kuwa, bayan mako 2 zuwa 3 sai ya ƙyanƙyashe wata 'yar halitta da ido ba ya gani, mai iyo, wadda tilas ta sami dodon koɗi cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba ta mutu.

Ba kowane dodon koɗi ke karɓarta ba. A ƙasashenmu wani ƙarami ne mai siririn ɓawo, mai suna Lymnaea natalensis, wanda girmansa bai ɗara ƙwayar gyaɗa da yawa ba. Dabam yake da wanda ke yaɗa tsargiya, ko da yake sau da yawa ruwa ɗaya suke zama. Yana son ruwan da ba ya ƙafewa, mai kwanciya ko mai gudu a hankali, mai ciyayi. A cikin jikinsa 'yar halittar nan takan hayayyafa har guda ta zama ɗaruruwa. Bayan wata 1 zuwa 2, ko fiye idan ruwan da sanyi, sai su fito su maƙale a jikin ciyawar bakin ruwa, kowace ta lulluɓe kanta da ƙoƙo mai tauri. A cikin laima suna iya jira watanni, amma zafin rana da bushewa na kashe su.

Idan tunkiya ta ci ciyawar, ƙoƙon sai ya narke a hanjinta. 'Yar tsutsar ta huda bangon hanji, ta ratsa kogon ciki, ta isa hanta cikin kamar mako guda. Daga nan sai ta yi ta haƙa rami cikin naman hantar tana ci tana girma har wajen wata 2, sa'an nan ta shiga magudanan maɗaciya ta zauna. Daga ranar cin ciyawa zuwa ranar da ƙwai zai fara fita a kashi akan ɗauki mako 13 zuwa 16. Tunkiya ba ta samun garkuwar kirki daga wannan tsutsa. Wadda ta kamu bana tana iya sake kamuwa baɗi, kuma tsutsar na iya shekaru da dama a hantarta idan ba a kashe ta ba.

Fadama da Lokacin Kamuwa

Da damina tumaki a tudu suke kiwo ko a turke, domin ciyawa ta wadata, fadama kuma ta cika da ruwa. Bayan kaka, da karmami da harawar gona suka ƙare, sai garke ya gangara inda ɗanyar ciyawa ta rage, watau bakin tafkuna da koguna da fadamu. A daidai wannan lokaci ruwa yana janyewa yana barin ciyawar da ta daɗe a nutse, wadda 'ya'yan tsutsa suka riga suka maƙale mata. Binciken da likitocin dabbobi suka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1970 ya ƙarfafa cewa kiwon fadama da rani shi ne babbar ƙofar kamuwa a wannan yanki.

Saboda haka cutar ta fi yawa a wurare irin su fadamun Haɗeja da Nguru, da gaɓar Tafkin Chadi, da kwarin kogin Kwara. Madatsun ruwa da aka gina domin noman rani, kamar na Tiga a 1974 da na Bakolori a 1978, sun kawo alheri mai yawa, amma magudanansu da ruwan da ke tsatsa daga gare su sun samar wa dodon koɗi mazauni na dindindin a wuraren da dā ruwa kan ƙafe da rani.

A nan ya kamata a lura da lissafin watanni. Tumakinmu, 'yan ƙasa da uda da balami, ba su da ƙayyadadden lokacin barbara irin na tumakin Turai, amma da yawa sukan ɗauki ciki bayan kaka, lokacin da suke da ƙiba. Cikin tunkiya wata 5 ne, kwana 145 zuwa 150. Tunkiyar da aka yi wa barbara a Disamba za ta haihu a Mayu. Idan a Disambar nan ta fara kiwo a fadama, tsutsotsin da ta haɗiya za su yi ta haƙar hantarta cikin Janairu da Fabrairu, su zama manya masu shan jini wajen Maris da Afrilu. Watau ƙarfin cutar, da tsufan ciki, da yunwar bazara, duk sun haɗu a wata ɗaya a jikin dabba ɗaya.

Aikin Hanta a Jikin Tunkiya

Ba za a fahimci illar ba sai an san abin da hanta ke yi. Tunkiya, kamar sauran dabbobi masu tuƙa, ba ta samun sukari sosai kai tsaye daga abincinta. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinta su ke narka ciyawa, hanta kuma ta karɓi abin da suka fitar ta ƙera sukarin da jiki ke aiki da shi. Da wannan sukari ɗan tayi ke girma, da shi kuma hantsa ke haɗa nono. Hanta ce har wa yau ke ƙera sinadarin gina jiki wanda ke riƙe ruwa cikin jijiyoyin jini. Ita ce kuma ke tace sinadaran da ke tafiyar da neman rago da riƙon ciki, ta kawar da su daga jini bayan sun gama aikinsu.

Tsutsar na ɓata wannan aiki ta hanya biyu. Ƙanana masu haƙa suna yaga naman hanta, inda ya warke kuma tabo ne mai tauri wanda ba ya aikin komai. Idan suka shiga da yawa a lokaci guda hantar na iya zubar da jini a kogon ciki, dabba ta faɗi ta mutu ba tare da an ga alamar ciwo ba. Manya kuwa jini suke sha, su kuma kumbura magudanan maɗaciya. An ƙiyasta cewa kowace tsutsa na jawo hasarar jini kimanin mililita 0.2 zuwa 0.5 a rana. Tunkiya mai nauyin kilo 30 jininta duka wajen lita 2 ne. Idan tana ɗauke da tsutsa 200, abin da ke fita daga jikinta a kullum zai kama daga mililita 40 zuwa 100, watau yana iya kai kashi 1 cikin 20 na jininta. Tilas jiki ya yi ta ƙera sabon jini domin ya cike gurbi, da abincin da ya kamata ya tafi ga ƙiba da ciki da nono. Bugu da ƙari, dabbar da ke fama da tsutsar cinta kan ragu.

Illa Ga Haihuwa

Illar farko tana zuwa ne tun kafin barbara. Lafiyayyar tunkiya da ba ta da ciki takan nemi rago kamar kowane kwana 17. Jikin dabba kuwa yana da tsarin da ke hana shi ɗaukar nauyin da ba zai iya ba, saboda haka idan tunkiya ta rame ƙwarai neman rago kan yi rauni ko ya tsaya ɗungum. Wadda ramarta ba ta kai haka ba za ta nemi rago, amma ƙwai ɗaya za ta saki inda da ƙiba za ta saki biyu, tagwaye su ragu a garke. Sanannen abu ne ga masu kiwo cewa ƙara wa tumaki abinci makonni kaɗan kafin barbara na ƙara yawan tagwaye. Tsutsar hanta kishiyar wannan take yi. 'Yan tumaki mata ma abin ya shafe su, domin balagarsu ta fi bin nauyin jiki a kan yawan watanni. Wadda tsutsa ta tsumburar da ita takan makara wajen haihuwar fari. An gwada haka a kan shanu, aka ga karsanar da aka sa wa tsutsar ta makara wajen fara neman bijimi, an kuma sami sauyi a ma'aunin sinadaran haihuwa da ke jininta.

Illa ta biyu tana cikin watannin ciki. Wajen kashi 2 cikin 3 na girman ɗan tayi a cikin makonni 6 na ƙarshe yake faruwa, a lokacin ne kuma bukatar sukari ke hauhawa. Hantar da rabinta tabo ne ba ta iya biyan wannan bukata. Sai jikin tunkiya ya koma kan kitsensa yana narkawa, kitsen kuma ya taru a hantar ya ƙara mata nauyi. Daga nan ne ake samun tunkiya mai tsohon ciki, musamman mai tagwaye, ta ware daga garke, ta daina ci, ta yi kamar ba ta gani, ta kwanta ta kasa tashi. Wata takan yi ɓari, wata ta haifi ɗa matacce, wata ta mutu da cikin. Mafi yawa dai sukan haihu, amma ɗan ƙarami ne marar ƙarfi.

Illa ta uku bayan haihuwa take. Ɗan tunkiya yana zuwa duniya ba shi da garkuwa daga cututtuka, a cikin dakashin uwarsa yake samunta, kuma hanjinsa ba ya iya ɗaukar wannan garkuwa sai a cikin yini guda na farko. Uwar da jininta ya ƙare dakashinta kaɗan ne, ɗan da aka haifa da rauni kuma yakan daɗe bai miƙe ya kama nono ba. Irin waɗannan su ne zawo da ciwon huhu ke ɗauka cikin makonnin farko. Wanda ya tsira ba ya samun isasshen nono, girmansa ya yi nawa, ranar da zai isa yanka ko sayarwa ta yi nisa. Ita kuma uwar sai ta daɗe ba ta murmure ba balle ta sake neman rago. Tunkiyar ƙasar nan idan ta sami kulawa tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2. Mai ciwon hanta da ƙyar take yin sau ɗaya a shekara.

Ba a bar rago a baya ba. Ragon da jininsa ya ragu ba shi da kuzarin bin tumaki, ramar jiki kuma na rage yawan maniyyinsa da ingancinsa. Haɗuwar maniyyi a jikin rago na ɗaukar kusan wata 2, saboda haka maganin da aka ba shi ana gobe za a sake shi cikin garke bai gyara barbarar wannan karo ba. Illar rago ta fi ta tunkiya yaɗuwa, domin tunkiya marar lafiya haihuwarta kaɗai ta ɓata, rago guda kuwa tumaki da yawa ke dogara da shi.

Alamomin Ganewa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Idan haihuwa ta ragu a garken da ke kiwon fadama, ya kamata a zargi hanta tun kafin a ga dabba a kwance. Alamar da ta fi sauƙin dubawa ita ce a janye fatar ido ta ƙasa. A lafiyayyar dabba cikinta ja ne, a mai ƙarancin jini kuwa fari-fari ne, haka ma dasashi. Akwai kuma kumburi mai taushi a ƙarƙashin haɓa, wanda ruwa ne ya taru saboda ƙarancin sinadarin nan da hanta ke ƙerawa. Sauran alamomin su ne rama duk da ana ci, da bushewar gashi, da zama a bayan garke idan ana tafiya.

Waɗannan alamomi ba su keɓanta ga ciwon hanta ba, domin tsutsar ciki mai shan jini da sammore su ma suna kawo irinsu. Tabbaci yana samuwa ne idan malamin dabbobi ya duba kashi da madubin likita ya ga ƙwai, ko da yake a watanni 3 na farkon kamuwa ba za a ga ƙwai ba alhali ɓarna na gudana. Hanya mafi arha ita ce duk dabbar da aka yanka daga garken a tsaga hantarta a matsa magudanan maɗaciya. Abin da aka gani a hanta ɗaya labari ne game da sauran garken, tun da wuri ɗaya suke kiwo.

Magani da Lokacin Ba da Shi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kowane maganin tsutsa a matsayin maganin hanta. Aibamektin shi kaɗai da lebamisol, waɗanda ake yawan saye a kasuwannin ƙauye, suna kashe tsutsar ciki amma ba sa taɓa matsattsakun hanta. Albendazol da oksikulozanid manyan tsutsotsi kawai suke kashewa. Kulosantel da nitiroksinil suna kama manya da masu tasowa da suka yi makonni a hanta. Tirikilabendazol, wanda ya shiga kasuwa a 1983, shi ne ke kashe har ƙanana masu haƙa. Amma tun 1995 aka ba da rahoton tsutsotsin da suka bijire masa a Ostireliya, daga baya aka sami irinsu a wasu ƙasashe, saboda haka bai kamata a riƙa ba da shi ba gaira ba dalili ba.

Tun da haihuwa ake son karewa, lokacin magani ya kamata ya bi lissafin barbara da na fadama. Na farko, a ba tumaki magani makonni kaɗan kafin barbara, raguna kuma kamar wata 2 kafin a sake su. Na biyu, garken da ya gangara fadama a ba shi maganin da ke kashe ƙanana a tsakiyar rani, kafin masu ciki su shiga makonnin ƙarshe. Na uku, a ƙarshen rani a ba da maganin manya, domin a rage ƙwan da zai shiga ruwa da damina. Akwai hattara guda uku. Kada a ba tunkiya albendazol a watan farko na ciki, domin yana iya naƙasa ɗan tayi. A auna magani da nauyin dabba, domin kulosantel idan ya wuce kima yana makantarwa, wanda ya gaza kima kuma koya wa tsutsa juriya yake yi. Sa'an nan a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a yanka dabbar ko a sha nononta.

Magani shi kaɗai ba ya isa idan dabba za ta koma inda ta kamu. Inda hali ya yi, a shayar da tumaki daga rijiya a kwami maimakon bakin tafki. Ciyawar fadama idan aka yanke ta sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, aka shanya ta a rana ta bushe sarai, haɗarinta ya ragu ƙwarai. Masu tsohon ciki su suka fi cancanta a tsare su a gida a kan harawa da dusa da ƙuli-ƙuli ko angurya, domin abinci mai gina jiki na taimaka wa dabba ta jure hasarar jini. Shanu da awaki ma suna ɗauke da tsutsar suna zuba ƙwanta a mashaya ɗaya, don haka maganin da ya tsaya ga tumakin mutum guda amfaninsa taƙaitacce ne.

Kammalawa

An ga cewa matsattsakun hanta na taɓa haihuwar tumaki a kowane mataki, daga neman rago har zuwa yaye, kuma hanyar da yake bi ita ce rage jini da raunana hanta a watannin da abinci ya fi ƙaranci. Makiyayi ba zai iya barin fadama da rani ba, domin a can ruwa da ɗanyar ciyawa suke. Abin da ke hannunsa shi ne sanin watan da haɗari ke farawa, da maganin da ya dace da wannan wata.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin makiyayi, wanda ke wuyan ma'aikatan hukuma da ɗaliban da za su gaje su. Mayankar gari wuri ne da ake buɗe hanta kowace safiya. Idan ana rubuta yawan hantar da aka samu da tsutsa, da watan, da kasuwar da dabbar ta fito, cikin shekara 2 ko 3 kowace ƙaramar hukuma za ta san fadamunta masu haɗari da lokacin da ya kamata ta tura malaman dabbobi da magani. Haka kuma duk inda za a gina madatsar ruwa ko a haƙa magudanan noman rani, ya dace a sa mashayar dabbobi mai daɓen siminti cikin tsarin aikin tun daga farko, a kuma ware kuɗin share ciyawar magudanan a kowace shekara.